Man Shafawar Tagwayen Safara'u

Safara'u ba ta yarda da kowa ba a Gyadi-Gyadi, kuma in ka ji dalilinta ba za ka yi saurin ganin laifinta ba. Allah ya ba ta tagwaye mata, Hasana da Husaina. Husaina ta fito baƙa irin ubanta Falalu direba, Hasana kuwa ta fito zabiya. Tun ranar suna mata suke cika mata ɗaki, ba barka ce ta kawo su ba, kallo ne. Wannan ta ce bari ta taɓa gashin, waccan ta tambaya ko yarinyar tana gani da rana, wata ma don rashin ta-ido ta tambaya wai ko Safara'u ta taɓa aikatau a gidan Turawa. Daga ranar ta ɗaure fuska, ba ta sake sakinta ba. Ko gashin da ya zuba in ta yi wa Hasana kitso, tsince shi take yi ta jefa a murhu, don ta ji ana cewa akwai masu nemansa su kai wa boka.

Abu na biyu da ba ta wasa da shi, ba a bambanta tagwaye. Haka uwarta ta ja mata kunne tun a ƙauye: in kin ba ɗaya kin hana ɗaya, to ki saurari kunama. Ta taɓa yin mantuwa ta saya wa Husaina 'yan kunne ita kaɗai, washegari sai ga kunama kwance a cikin takalminta. Tun daga nan ko ƙuliƙuli ne sai ta raba shi biyu daidai.

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, aka rubuta 'yan biyu a wata sabuwar firamare a Tarauni. Yara sun fi ƙarfin azuzuwa, 'yan aji ɗaya a gindin darbejiya suke zama, inuwar kuma ba ta isar kowa. Ga tafiyar ƙafa zuwa da dawowa. Da bazara ta kama, Hasana ta fara dawowa gida wuyanta jawur, leɓenta a tsage, gefen kunnenta yana saɓa. Safara'u ta taɓa ganin wani dattijo zabiya a tasha wanda gyambo ya cinye wa kunne, kuma duk sanda ta kalli kunnen 'yarta shi take gani. Tsoro ne sosai a cikinta, amma ba ta da wanda za ta gaya wa.

A wannan tsakanin ne Lami ta yi sallama. Lami maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su, matar wani birkila. Safara'u ta daɗe da sa mata ido, domin matar in ta ga Hasana sai ta tsaya cak tana kallonta har idonta ya kawo ruwa. Wane irin kallo ne wannan?

Lami ta durƙusa ta ajiye wani ɗan gwangwani da tsohuwar malafa. Ta ce, "Uwar biyu, don Allah kar ki ga na yi shisshigi. Asibitin fata na je na yi wa likita bayanin Hasana, shi ya ba ni wannan. Ya ce a shafa mata da kauri kafin ta fita, fuska da wuya da kunne. Kar a murza shi ya ɓace, zamansa a kan fatar shi ke tare rana. Ta riƙa sa malafar nan, a kuma ɗinka mata riga mai dogon hannu."

"Wane asibitin fata?"

"Wanda ke can bayan gari."

"Inda ake kai kutare?"

Lami ta ce ai ba kutare kaɗai ake dubawa ba. Safara'u ta buɗe gwangwanin da bakin zane. Abu fari fat, mai kauri kamar an kwaɓa farar ƙasa, ko ɗigon ƙamshi babu. Ta ce, "An gode," da baki kawai, ko rakiya ba ta yi mata ba.

Lami na fita ta fara lissafi. Wa ya aike ta? Mace ta biya kuɗin bas daga aljihunta ta je har bayan gari don 'yar wata? Man kutare za a shafa wa 'yarta, a fito da ita kamar dodon gona yara su yi ta bin ta? Kuma malafa ɗaya, a gidan tagwaye! Ai wannan da gani ka san so ake a raba su. Ta yi niyyar jefa kayan a masai, sai ta tuna ƙila haka ma bokan Lami ya ce, a binne su a cikin gidan. Ta sa tsinke ta tura gwangwanin cikin wani fasasshen tulu a bayan madafa, ta kifa malafar a kai.

Da ta gaya wa Falalu, dariya ya yi. Ya ce, "Ke dai kin fiye zargi, uwar biyu. Ko ruwan randarki sai kin yi masa tambaya kafin ki sha." Ya ɗauki makullin mota ya kama hanyar Zariya, ya bar ta da fushinta.

Kwana kaɗan sai ga Talatu dillaliya daga Tarauni da ƙullin kayanta. Talatu fara ce, kullum fuskarta cike da hoda, ga baki kamar an sa masa zuma. Tana ganin wuyan Hasana ta dafe ƙirji. Ta zaro wata 'yar kwalba mai hoton Baturiya tana murmushi, ta buɗe, ƙamshi ya gauraye tsakar gida.

"Fatar 'yarki ai fatar Turawa ce," in ji Talatu. "To me ya haɗa ta da man kaɗanya? Kin taɓa ganin Baturiya da gyambo? Ga su can a Nasarawa suna yawo da rana tsaka ko ɗankwali babu. Wannan suke shafawa. In kin ji ta ce yana mata zafi, aiki yake yi."

Kar ka ɗauka Safara'u ta miƙa wuya nan take. Ta shinshina, ta jujjuya kwalbar tana duban rubutun da ba ta iya karantawa, ta shafa a bayan hannunta ta jira ta ji ko zai yi ƙaiƙayi. Shiru. Maganar Talatu kuwa ta zauna mata daram: farar fata, man farar fata. Ta saya. Kowace safiya ta lakato ta shafa wa Hasana, ta sake lakato daidai wancan ta shafa wa Husaina, sannan su kama hanyar makaranta suna ƙamshi.

Abu bai yi sauƙi ba, gaba ma ya yi. Hasana ta riƙa kuka in an shafa mata. Fatar kumatunta ta yi laushi tana sheƙi, in rana ta taɓa ta sai ta tashi ƙuraje masu ruwa. Gefen kunnen ya fashe har yana ɓata matashi da jini. Safara'u ba ta ko kalli kwalbar ba, katanga ta kalla. Ai tun ranar da gwangwanin matar nan ya shigo gidan komai ya lalace. Ta daina amsa gaisuwar Lami. Ta kwaɓa laka ta toshe 'yar kafar da ke jikin katangar. Ta karɓo rubutu, ta turara ɗaki da kayan maganin baki. Ga wani abin kuma, man yana ƙarewa da sauri fiye da yadda take ɗiba. Ta ce lalle shigo mata ake yi in ta zaga, ta sauya wa kwalbar maɓoya daga cikin kwalla zuwa ƙarƙashin katifa. Duk da haka raguwa yake yi.

Ran nan da safe tana ɗaura wa Husaina ɗankwali a bakin ƙofa, haske ya faɗo a fuskar yarinyar, sai ta ƙura mata ido. Kumatun Husaina sun yi dabbare-dabbare. Nan ya koɗe ya yi ja, can baƙi ƙirin, goshin ma ya fara. Ta tofa yawu a yatsa ta goge, bai fita ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ta gama da ɗaya ta koma kan ɗaya!"

Ta ƙudura a ranta yau sai an ji su da Lami har wajen mai unguwa. Amma kwalba ta ƙare ƙaf, kuma ba za ta bar Hasana ta wuni gobe babu mai ba. Da ma Falalu ya ba ta izinin unguwa. Ta yafa mayafi ta nufi Tarauni.

Ta tarar da Talatu a rumfar tsakar gida, fitowarta daga wanka ke nan, ba ta kai ga hoda ba. Safara'u ba ta taɓa ganin fuskar nan tsirara ba. Kumatun a ƙone suke, ja da baƙi dabbare-dabbare, jijiyoyi kore sun fito a gefen ido. Hannun fari, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙaƙe wuluk. Ita fa ta ga irin wannan fuskar yau da safe, a ƙofar ɗakinta. Gaban Talatu wata matashiya ce zaune, tana riƙe da kwalba mai hoton Baturiya.

Talatu tana cewa, "Kafin bikin nan kin wanke tas, kin yi fari sol, mai gidanki sai ya sake kallonki. Sai dai fa ki guji rana. In kika shiga rana da shi a jiki, soya ki zai yi."

Safara'u ta matso kusa. Ko zama ba ta yi ba. "Talatu, ba shi kika ce mini maganin rana ne ba?"

Talatu ta ɗan daburce, sannan ta ja zane ta rufe kafaɗa. "To, ai man Turawa ne dai. 'Yarki kuma da ma fara ce, me zai rage ta da shi?"

"Ɗayar fa?"

"Wace ɗayar? Ke! Har baƙar kika shafa wa?"

"Tagwaye ne!"

Matashiyar ta ajiye kwalbar a hankali a kan tabarma. Safara'u mace ce mai baki, ta iya faɗa, amma ranar ko Allah ya isa ba ta samu ta yi ba. Da hannunta take shafa wa 'yarta abin da ke soya fata, kowace safiya, sannan ta tura ta cikin rana. Da ba don fuskar Husaina ba, har yau tana can tana harar katanga.

A hanya ta haɗu da su an tashi daga makaranta, Hasana tana tafe ido a ƙanƙance, Husaina na riƙe da hannunta. Ta cire mayafinta ta lulluɓe su duka biyu har gida. Ta wanke musu fuska da ruwan randa, ta zaunar da su.

"Wa ke ɗibar man nan in ba na nan? Ba zan doke kowa ba."

Husaina ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ni ce, Inna. In kin shiga wanka nake ƙarawa."

"Don me?"

"Na ga yana sa ni fari. 'Yan ajinmu cewa suke yi ƙarya muke, mu ba 'yan biyu ba ne, wai tsinto Hasana aka yi. In na zama irinta ai sun daina." Ta ɗago tana shafa kumatunta. "Na kusa, ko?"

Safara'u ta rungume ta, ta yi kukan da ba ta taɓa yarda wani ya ga ta yi ba. Da ta share ido ta zaga bayan madafa, ta ɗaga malafar, ta ciro gwangwanin da hannunta, ta fita ta yi sallama a gidan Lami.

Ba da haƙuri ba ya cikin abin da Safara'u ta iya. Ta tsaya tana jujjuya malafar, sannan ta ce, "Guda ɗaya kika kawo."

Lami ta ce, "Ita kaɗai gare ni, uwar biyu. Ta ƙanena ce, Audu. Shi ma irin Hasana ne. Noma yake yi, ba mu san rana na kisa ba. Sai da gyambon wuyansa ya yi nisa muka kai shi asibitin nan, suka ce mun makara. Bai daɗe yana sa ta ba."

Safara'u ta zauna a kan turmin Lami ba tare da an ce ta zauna ba. Daga baya ta miƙa gwangwanin ta ce, "Sake gaya mini yadda likitan ya ce. Kuma in za ki koma, da mu za ki, a duba kunnen nan."

Falalu ya sayo malafa ta biyu a tasha, tela ya ɗinka riguna biyu masu dogon hannu. Ranar da 'yan biyu za su koma makaranta, Safara'u ta lakato farin man ta yaɓa wa Hasana a fuska da wuya, ta bi gefen kunnen a hankali. Ta sake lakato daidai wancan ta yaɓa wa Husaina. Fuskokin biyu suka yi fari fat, ba ka ganin komai sai idanu. Husaina ta ɗauko ɗan madubin uwarta, ta kalli kanta, ta kalli Hasana, ta sake kallon kanta, sai ta daka tsalle.

"Inna, duba! Yau wa zai ce ba 'yan biyu ba ne?"

Safara'u ta ce, "Babu." Ta jawo ta kusa, ta ƙara lakato man, ta rufe wajen kumatun da tabon yake lekowa.