Katakon Mumbari

Sana'arsa sassaƙa ƙotar bindiga. Maharba da masu gadin gonaki sukan kawo masa bindigar da katakonta ya tsage, ya auna kafaɗar mai ita da tsawon hannunsa, ya yi mata sabo. Da haka sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Ƙota yake ce masa, in ban da yayansa, ladanin masallacin unguwa, wanda har furfura ta rufe su su biyun bai daina kiransa Auta ba.

Shekarar da aka rushe tsohon masallaci don a gina sabo, Ciyaman ɗin kwamitin ginin ya ce sabon wuri ba zai ɗauki tarkace ba, an riga an yi odar mumbari na ƙarfe da gilashi. Sai aka fito da tsohon aka jingine shi bayan banɗakuna, bakin kwata. Ruwan sama ya yi ta dukansa. Leburori suna shanya riguna a kansa, wani ma ya ɓalle marikin gefe ya hura wuta da shi.

Ta nan Mai Ƙota yake bi zuwa shago, kuma duk wucewa sai ya tsaya ya dubi mumbarin. Ya san katako. Wannan tsoho ne, ja mai duhu, nauyi kamar dutse, ko gara ta gwada ta haƙura. Ran nan ya tari Ciyaman a bakin gini ya roƙi a ba shi.

"Kwashe, bawan Allah," in ji Ciyaman, bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Ka rage mana aiki."

Mai Ƙota ya kai mumbarin shago ya warware shi ƙusa ƙusa. Allon sama, wanda aka sassaƙa ayoyi a jiki, ya wanke shi ya naɗe a farin ƙyalle ya kai wa yayansa. Matakalar ya ajiye wa kansa. Tsakiyar kowane mataki ta lotsa ta yi santsi, saboda ƙafafun limaman da suka yi ta hawa tun kafin a haife shi.

Ladan ya karɓi allon da hannu biyu, ya daɗe yana shafa rubutun. Sannan ya ce, "Sauran fa?"

"Matakala ce kawai, Yaya. Wurin taka ƙafa."

"Me za ka yi da ita?"

Mai Ƙota ya mayar da idonsa kan tabarma.

"Auta, kada ka sa katakon nan a bindiga."

"Yaya, da yake bayan banɗaki ƙazanta tana fallatsar masa, wa ya ce uffan? Yanzu da na tsamo shi ne ya zama mai tsarki?"

"Na yi magana, ba a saurare ni ba. Wancan wulaƙancin nasu ne, su za su amsa shi. Wannan kuwa naka ne."

"Kafin ya zama mumbari bishiya ce. Kuma farauta ba haram ba ce."

"Ni ba malami ba ne, ban ce maka haram ba. Yi benci, yi ƙyauren taga, yi abin ɗora littafi. Mutane sun hau kansa suna cewa a ji tausayin juna. Ba na son in gan shi a kafaɗar wani yana neman abin kashewa."

Matar Yaya, wadda ba ta rabo da tsokanar ƙanin mijinta, ta leƙo daga madafa ta ce, "Bar shi, Malam. Wannan ko ƙafar gadonmu ya gani aunawa yake da ido." Suka yi dariya, maganar ta mutu a nan.

Mai Ƙota ya so ya ji maganar yayansa. Ya ma fara zanen benci. Amma duk lokacin da ya ɗaga katakon ya ji nauyinsa, sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Shekara da shekaru yana fama da ɗanyen katako mai lanƙwashewa, ga irin wanda yake mafarki ya zo har gida. Babu wanda ya ba shi aikin. Shi da kansa ya ɗauki zarto wata safiya ya yanka mataki na farko, ya yi ta sassaƙa yana gogewa yana shafa mai, har jijiyoyin katakon suka fito kamar ruwa mai gudu. Bai taɓa yin ƙota irinta ba, ya kuma san ba zai sake ba. Ya rataye ta a bangon shago.

Kafin a ce me, magana ta zaga unguwa. Masu zama a bakin shagon aski suka daina amsa sallamarsa. Wanda ya hura wuta da marikin mumbari yana cikin masu girgiza kai. Ciyaman ya miƙe bayan sallar Juma'a ya yi jawabi a kan wasu marasa tsoron Allah da ba su san darajar kayan ɗakin Allah ba. Ladan kuwa ya daina biyowa ta shago.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, motar Ciyaman ta tsaya a ƙofar shagon. Ya shigo da bindiga naɗe a buhu, ya ja ƙofa.

"Ina abin nan?" ya ce ƙasa ƙasa.

Mai Ƙota ya nuna bango. Ciyaman ya sauke ta yana juyawa, idonsa na ƙyalli.

"Katakon nan ya sha addu'a. Bindigar da ke ɗauke da shi ba za ta ci amanar mai ita ba. Ka haɗa mini ita da wannan bindigar, ta maigadin sabon masallaci ce."

"Ranka ya daɗe, ba kai ne ka yi jawabi ba?"

"Jawabi na jama'a ne. Ai gara ta koma inda ta fito, ta yi gadin ɗakin Allah. Ka ga ka wanke kanka ke nan."

Mai Ƙota ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. Ya ga damar da zai rama. Bari kowa ya gan ta a ƙofar masallaci, a kafaɗar yaron Ciyaman, a ga wanda zai buɗe baki. Ya haɗa ta da kyau, ya ɗaure kowane noti har sai da hannunsa ya yi zafi.

Da aka buɗe sabon masallaci, kwamiti ya naɗa sabon ladan, ɗan ƙanwar Ciyaman, mai zaƙin murya. Babu wanda ya iya zuwa ya faɗa wa tsohon. Lokacin azahar ya yi, ya saka farar rigarsa ya nufi ɗakin lasifika kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Maigadin baƙo ne, bai san shi ba, an kuma ce masa kada ya bar kowa ya shiga ɗakin. Ya daka masa tsawa. Ladan, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ci gaba da tafiya yana murmushi, hannunsa ya kai kan ƙofa. Maigadin ya juya bindiga ya buga masa gindinta a muƙamuƙi. Tsohon ya zube a kan sabon tayil.

A asibiti Mai Ƙota ya tarar an ɗaure wa yayansa baki da waya, fuskar ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Likita ya ce ƙashin zai haɗe, amma a shekarunsa kada a sa ran magana za ta koma daidai. Matar Yaya tana zaune a bakin gado da kofi da ɗan bututun da take ba shi ruwa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da aiki, Auta," ta ce. "An ce ƙotar ko tsagewa ba ta yi ba."

Kwamiti ya zauna ya ce tsautsayi ne. Aka mayar da maigadin gonar Ciyaman, shi da bindigarsa. A bakin shagon aski aka yanke hukunci cewa alhakin mumbari ne ya faɗo wa gidan su Mai Ƙota, wai Allah ya nuna ishara. Cikin masu faɗar haka har mutum biyu suka aiko a ɓoye suna tambaya ko akwai ragowar katakon. Akwai, yana ƙarƙashin teburin aiki. Ya kasa ƙona shi, ya kasa taɓa shi da zarto, in zai zauna sai ya karkatar da ƙafarsa don kada ya taka.

Da aka sallami Ladan, babbar 'yarsa ta zo da mota ta ce za ta tafi da iyayenta garin da take aure, ba za ta bar mahaifinta yana jin muryar wani daga lasifika yana kwance ba. Mai Ƙota ne ya yi ta fito da kaya, shi ya ɗaure katifa a saman mota, shi ya tallabo yayansa ya zaunar da shi a kujerar baya. Tsohon ya rame, ba shi da nauyin komai. Mai Ƙota ya durƙusa a bakin ƙofar motar, ya riƙe masa hannu.

"Yaya, ka yafe mini."

Ladan ya dube shi da idon da ya fara buɗewa. Leɓunansa suka motsa, wata magana ta fito a cakuɗe ta tsakanin wayoyin. Mai Ƙota ya matso da kunnensa, bai gane ba. Ya juya wajen matar Yaya.

"Me ya ce?"

Ta gyara mayafinta, idonta a kan hanya.

"Ya ce ka matsa, za a rufe ƙofa."