Tsakanin Ginin Haƙori da Ginin Likitoci

Matar tela ta turo keken marasa lafiya cikin asibiti, gumi na karyo mata. Mijinta na kai, haɓarsa ta kumbura suntum har wuya, yawu na dalala a rigarsa don ya kasa haɗiyewa. Turmin haƙori ɗaya ne fa ya jawo duk wannan, wanda ya yi ta lallaɓawa da maganin ciwon kai yana ɗinkinsa.

A babban gini, likita ya leƙa bakin daga nesa. "Baiwar Allah, wannan aikin masu haƙori ne. Ga gininsu can."

Ta ƙetare farfajiya. Likitar haƙori ta taɓa wuyan, ta girgiza kai. "Ga zazzaɓi, ga kumburi ya sauka ƙasa. Ya fi ƙarfin kujerata, Hajiya. Mayar da shi wurin likitoci."

Ta mayar, aka ce a fara cire haƙorin tukuna.

Duk wanda ya fara raba baki da sauran jiki, ya gina wa kowanne makarantarsa da ɗakinsa, ni dai ban yafe masa ba. Ita mugunya ba ruwanta da wannan rabo, gangarawa kawai take yi abinta.

A tsakiyar farfajiya numfashin tela ya fara fita da ƙara, kamar butar da ta tafasa. Ya damƙi gefen zaninta, idanunsa waje. Tsoro ya kama ta.

"Baban yara, ka daure, ina zuwa."

Ta faɗa ɗakin haƙori ba sallama. Likitar na tsaka da duba bakin wani, matar tela ta cafke mata hannu da safar roba da komai.

"Ke! Lafiya?"

"Wallahi ba zan sake ki ba. Na gaji da kai saƙo. Zo ki gaya wa likitan can da bakinki!"

Haka ta jawo ta, tana tura keke da ɗayan hannun, har gaban likita. Wannan karon ya sunkuya ya saurari maƙogwaron. Fuskarsa ta canja.

"Hanyar iska na rufewa! Ɗakin tiyata, maza!"

Su biyun suka karɓe keken suka ruga tare, ƙofa ta rufe a fuskarta.

Wata nas ta tsaya a kanta. "Mama, mara lafiyar wane sashe ne?"

Ta sulale ta zauna a ƙasa, kuka ya ƙwace mata.

"Mijina ne," ta ce.