Yaran Dakta

Na'urar sanyaya ɗakin ta lalace ne a ƙarshen mako, lokacin da babu kowa a ginin. Da Dakta ta buɗe ƙofa ranar Litinin da safe, zafi ne ya fara tarbarta, sannan shiru. Ta bi kejin ɗaya bayan ɗaya. Sauron da ta yi shekaru tana kiwo suna zube a ƙasa kamar an watsa ganyen shayi.

Ba sauron banza ba ne. Tun daga kakannin kakanninsu take zaɓe, tana ware waɗanda maganin feshi ba ya kashewa, don ta gano abin da ke kare su. Saura ƙiris ta kammala. A sashensu na binciken ƙwari kowa ya san "yara" take ce musu. Ta sha fasa zuwa biki saboda yara ba su ci ba, kuma a kansu ta samu gyambon ciki.

Ba ta yi kuka ba. Ta cire safar hannu, ta zauna, ta yanke shawara: da zarar Farfesa, shugaban sashen, ya fito daga taro, za ta shiga ta ce masa ta ajiye aiki.

Wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce.

"Inna, ba zan iya magana yanzu ba. Yaran nan sun mutu. Dukansu." Ta kashe wayar gaba ɗaya.

Dogo, abokin aikinta mai binciken kaska a ɗakin gefe, ya leƙo. Ya dubi kejin, ya dube ta.

"Uwar sauro, in ba ki aron kaska? Su ko roƙonsu kika yi ba sa mutuwa."

Ta kau da kai. Ya fita, ya dawo da kofin shayi, ya ajiye kusa da gwiwar hannunta, ya ja mata ƙofa.

Shayin ya daɗe da hucewa lokacin da aka banko ƙofar. Inna ce, mayafi a karkace, takalmanta wari da wari, tana haki saboda hawan bene. Ba ta taɓa zuwa wurin nan ba.

"Ina iyayensu? An sanar da su?"

"Iyayen wa, Inna?"

"Yaran mana! Ina aka ajiye su?"

Dakta ta nuna mata keji. Inna ta sunkuya, ta ƙura ido ta cikin ragar, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu.

"Sauro."

"Sauro ne, Inna."

"Ke 'yar nan! Shekara da shekaru ina gaya wa maƙwabta 'yata tana kula da marasa lafiyar yara. Kullum ki ce yara ba su ci ba, yara ba sa son zafi. Har addu'a nake musu! Ashe in kashe su da tafi kafin in kwanta, in tashi da safe in roƙa musu lafiya."

Dariya ta ƙwace wa Dakta. Ba ta san inda ta juye ta koma kuka ba. Inna ta jawo kujera ta zauna, ba ta ce ta yi shiru ba. Sai da kukan ya lafa ta tambaya.

"Me suke ci?"

"Ruwan sukari, a jikin auduga. Matan kuma sai da jini suke yin ƙwai."

"Jinin wa?"

"Akwai wanda ake kawo mana. In ya yanke kuma..." Ta naɗe hannun farar rigarta. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabo ne ƙanana, sababbi a kan tsofaffi.

Inna ta riƙe hannun, tana shafa shi da babban yatsa.

"To ai kuwa naki ne," ta ce. "Abin da ya sha jininka ya girma, ba a ce maka ba naka ba ne." Ta gyara mayafinta, ta gyara zama, muryarta ta sauka. "Ya haƙuri?"

"Da godiya, Inna."

"Allah ya mayar miki da alheri."

"Amin." Dakta ta share hanci. "Zan bar aikin. Yanzu zan shiga wajen Farfesa. Ba ni da ƙarfin da zan sake somawa daga farko."

"Ki bari in kin ga dama, ɗakinki na nan. Amma ba yau ba. Ranar rashi ba a yanke shawara, ci ake yi a kwanta. Yaushe rabonki da barcin kirki?"

Dakta ta fara ƙirga kwanaki da yatsu, lissafin ya ɓace mata.

"Kin gani. Ba aikin ne ya ishe ki ba tukuna, gajiya ce ke magana da bakinki. Ki bari ta yi shiru, sannan mu ji ta bakinki."

Aka ji buɗe ƙofar ɗakin taro, mutane suna fitowa. Dakta ta wanke fuska a famfo, ta bi baranda zuwa ofishin da ke ƙarshe.

Farfesa ya riga ya ji labari. Ya nuna mata kujera, bai yi dogon jaje ba.

"Me kike bukata?"

Maganar da ta shirya tun safe tana kan harshenta. Ta haɗiye ta.

"Hutu, ranka ya daɗe."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Tun zuwanki sashen nan ban taɓa jin kalmar nan a bakinki ba. In kin huta fa?"

"Ban sani ba tukuna. In na dawo zan gaya maka."

"Ya isa. Je ki. Kada in ga saƙonki a wayata."

A baranda ta tarar da Inna ta tsare Dogo, tana tambayarsa ko matarsa ta san abin da yake kiwo. Dakta ta zare makullin ɗakin sauro daga cikin makullanta, ta miƙa masa.

"A wanke kejin, a shanya su," ta ce. "Kada a zubar."