Ƙwan Tocila na Uku

Sau biyu cikin wata guda Baba Mai Keke yana kawo wa 'yarsa tocilar nan ta gyara, yau kuma ga shi ya sake dawowa. Tocilar ba wata abar a zo a gani ba ce. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, tana rataye a zoben makullansa, bayanta duk shaidar haƙora, don da baki yake riƙe ta idan zai leƙa cikin keken ɗinki. Shekara talatin da ɗoriya yana gyara wa teloli kekunansu, kuma duk layin an san idan keke ya gagari Baba, to sai dai a sayar wa masu gwangwan.

'Yar tasa gyaran waya take yi a wani ɗan shago da bai fi ya ɗauki mutum uku ba. Ya ajiye makullan a kan teburinta, tsakanin wata waya mai fasasshiyar fuska da gwangwanin ƙananan notuna.

"Uwata, ƙwan nan da kika sa min na bogi ne. Kwana goma bai yi ba ya dushe."

Ta latsa tocilar, haske ya fito tar. Ta dubi hasken, ta dubi mahaifinta. Ta daɗe da lura. Ta ga yadda yake laluben kofin shayi, da yadda ya wuce surukinsa a hanya ba ko gaisuwa, har aka kwana ana ba da haƙuri. Sau ɗaya ta gwada taɓa zancen, ya ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta san kuma ba taurin kai kaɗai ba ne. Ranar da teloli suka ji idon Baba ya yi rauni, ranar za su ɗauke kekunansu su kai wa wani, shi kuwa bai san yadda ake wuni a gida ba.

"To Baba, bari in sa maka wanda ya fi duka. Daga shi babu wani."

Ta sa farce ta raba tocilar biyu, ta zare batira biyu masu faɗi kamar maɓallin riga. Ta cire tsohon ƙwan, wanda lafiyarsa ƙalau, ta ɗauko sabo da hantsaki daga wata 'yar leda, irin na zamanin nan mai ƙafa biyu da ake ce wa LED. Ta datse ƙafafun daidai, ta lanƙwasa doguwar ta kwanta a kan batir, gajeriyar ta shige ƙarƙashi. Da ta mayar da murfi ta latsa, sai da ta kau da kai. Da rana tsaka ne, amma hasken ya zana fari fat a jikin bango.

"Yawwa, Injiniya!" in ji Baba. "Ai na faɗa miki ƙwai ne."

Ta ce za ta raka shi ta ga aikin hannunta. Shagonsa yana ƙarshen layi, yana ƙamshin man keke, kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da ƙyallen da mai shi ya ɗaura masa don shaida. Wanda ke kan benci na wani tela ne da ake kira Dogo, kwana huɗu yana jira. Aikin bai taka kara ya karya ba, ɗan notin da ke riƙe allura ne za a mayar.

Baba ya cije tocilar, makullan suna lilo a gemunsa, ya sunkuya. Ya ɗauki notin a kan sukurdireba, ya nufi ramin, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. A karo na uku notin ya suɓuce, ya gangara, ya tsaya a kan farantin keken, daidai tsakiyar hasken, yana ƙyalli.

Ya haska dama, ya haska hagu, ya dawo kan notin ya wuce. Ya shiga shafa farantin da yatsu, yana kewaye notin. Tausayi ya kama ta har sai da ta ji kamar ta fita waje. Tana iya miƙa hannu ta tura masa shi ƙarƙashin yatsa, ya ce ga shi ya gani, a wuce wurin kamar yadda aka saba. Ta naɗe hannayenta a baya, ba ta taɓa komai ba.

Can ya cire tocilar daga baki, ya goge ta da hannun riga.

"Uwata, ina notin?"

"Ga shi a gabanka, Baba. Tun ɗazu hasken yana kansa."

"Kuma kin ce babu ƙwan da ya fi wannan?"

"Babu, Baba."

Ya zauna a kan kujerarsa. A maƙwabta keken wani tela yana ta sukuwa, ya tsaya, ya sake ɗauka. Baba ya juya sukurdireban, ya miƙa mata ta wajen mariƙin.

"Ɗaure min shi, kada Dogo ya zo ya cika min kunne. A hankali, ba waya ba ce."

Ta ɗaure. Ya kai yatsa ya taɓa, ya ƙara masa rabin juyi da kansa, don Baba bai taɓa yarda da ɗaurin kowa ba.

"Gobe kada ki buɗe shago," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ki kai ni wajen likitan ido. Amma ta bayan layi za mu bi, ban son telolin nan su ga kina riƙe da hannuna."