Makahon da Ya Kauce wa Kujera

Mahaifina, Munji, bai daɗe da yin ritaya daga koyar da injiniyoyin sadarwa a birnin Safaƙus ba, sai jijiyar jini ta toshe masa a ƙeya. Idanunsa lafiya lau, amma gani ya ɗauke ɗungurungum. Ni nake kai shi asibiti, yana riƙe da hannuna yana mita.

Wata safiya likitarsa, Dakta Hala, ta sa aka warwatsa kaya a baranda ba tare da ya sani ba: kujera, kwandon shara, tukunyar fure. Ta karɓe sandarsa.

"Kawu Munji, taka zuwa ƙarshen barandar nan. Ina bayanka."

"'Yar nan, in na fasa hanci ke za ki ɗinke?"

"Ni ce. Har in gyara maka shi ya fi na da."

Ya fara takawa a hankali. Da ya iso kujerar, sai ya karkata kafaɗa ya wuce ta gefenta. Ya raɓa bango ya bar kwandon, ya zagaye tukunyar.

"Baba, yaya aka yi ka kauce?" na tambaye shi.

"Na kauce wa me?"

Sai da likitar ta ɗora hannunsa a kan kujerar ya yarda. Ta ce akwai wata hanya da ke tashi daga ido, ta kewaye wurin da ya lalace a ƙwaƙwalwa, ta kai saƙo ga sassan da ke tafiyar da jiki.

A hanyar gida muka tsaya shan shayi. Ya daɗe yana juya kofin bai kurɓa ba.

"Wi'am, kin san me na riƙa faɗa wa ɗalibaina? Bayani shi ne duk abin da ya rage maka shakka. Ƙafata ba ta san hagu za ta bi ko dama ba, sai ta sani. Ke nan bayani ya iso."

Ni aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, don haka na yi caraf na ce, "Ka ga kuwa ƙwaƙwalwa kwamfuta ce. Ta karɓa, ta sarrafa, ta ba da umarni."

"Ke da kwamfutarki. In iyakar aikin ke nan, to me na rasa? An karɓa, an sarrafa, ni kuwa ina cikin duhu ba wanda ya gaya mini. Wane launi ne furen?"

"Ja."

"To jan nan nake nema. Ban taɓa sa shi a lissafi ba, ban kuma san inda zan sa shi ba."

Da muka ba Umma labari, ta ce lokacin da yake gani ma kujerun gidan sun sha ƙafarsa. Ya yi dariya, sannan ya kai tafin hannu ƙeyarsa yana shafawa a hankali.

"Akwai mai gani a nan ciki," ya ce, "kuma tun da nake ba mu taɓa gaisawa ba."