Tuwon da Marka Ba Ta Ci Ba

Gidan Abdulwasi'u a Malanbil gida ne mai rufin asiri. Shi dillalin albasa ne, yana saye daga manoman bakin kogi yana loda wa manyan motocin da ke gangarawa kudu. Matarsa Marka tana da rumfar manja da garin rogo a babbar kasuwa. Manyan 'ya'yansu sun yi aure sun bar gida, saura auta, Sa'adiya, wadda ke aji na biyar a lakwal, wato makarantar boko. Abinci bai taɓa yanke musu ba, sutura ma haka. Abin da suka rasa shi ne lafiyar Marka.

Jikinta ya yi nauyi ƙwarai. Gwiwoyinta sun gaji da ɗaukarta, ciwon sukari ya kama ta, hawan jini ya biyo baya. Rumfar da a da take zuwa da ƙafa, yanzu sai an kira mata kabu-kabu, kuma ba kowane mai babur ke yarda ya tsaya ba. Da ƙafarta ta hagu ta yi wani gyambo da ya ƙi warkewa, sai Abdulwasi'u ya kai ta wani asibiti a Kwatano.

Likitan ya yi mata bayani a natse. Ya ce an gwada magani, an gwada rage ci, abin bai tsaya ba. Akwai aikin da ake yi a rage girman tumbin mutum, ta yadda ɗan abinci kaɗan zai ishe shi, jiki ya sauka, sukarin ma sau da yawa ya yi sauƙi. Bai ɓoye mata ba cewa aikin yana da haɗarinsa, kuma bayan an yi ba za ta ƙara cinye kwano guda ba har iyakar rayuwarta. Marka ta ce ta yarda. Aka sa rana. Aka ce kafin ranar sai ta yi wasu kwanaki ba ta cin abu mai nauyi, sai romo marar mai da nono marar sukari, don hantarta ta ɗan ragu aikin ya yi sauƙi. In ta karya wannan doka, sai a ɗaga ranar.

Da baki ta ce ta yarda, amma zuciyarta ba ta zauna ba. Sa'adiya ce ta fi kowa lura. Yau uwarta za ta sa ta ninke zannuwa ta zuba a jaka, gobe ta ce ta fito da su, za su yi warin jaka. Maƙwabta da 'yan kasuwa kuwa, abin da aka faɗa musu shi ne gwiwa za a duba.

Wata rana da hantsi Sa'adiya tana shara a tsakar gida ta ji iyayenta suna magana.

"Malam, in na komo awa sillen kara, mi mutane za su ce? Za su ce albasa ta faɗi, ka kasa ci da ni. Ko su ce wata muguwar cuta ce nike ɓoyewa."

"Su ce," in ji Abdulwasi'u. "In sun gaji su koma kan wani."

"Kuma abin da Allah ya halitta da girmanshi, ni da ƙafata in kai a yanke?"

"Ba tare muka tambayi liman ba? Ya ce neman magani ba saɓo ba ne."

"Na ji. Amma ba liman za a kwantar ba."

Abdulwasi'u ya ɗauki hularsa ya fita.

A kasuwa magana ba ta kwana wuri ɗaya. Wata mai sayar da shinkafa ta koma Garu, ƙauyen su Marka, ta ce ta ga Marka fuska ta faɗa, ba ta cin komai sai ruwan romo. Labarin ya isa kunnen Inna Balkissa, ƙanwar mahaifiyar Marka. Tun rasuwar yayarta ita ce ke matsayin uwa.

Washegari da safe sai ga babur a ƙofar gida. An ɗaura masa ƙaramin buhun shinkafa da kwandon busasshen kifi, tsohuwar na zaune a baya ta rungume kwalbar man shanu. Ita kanta siririya ce, doguwa, ba ta da nama ko kaɗan.

"Ke 'yar birni," ta ce wa Sa'adiya tun kafin ta sauka, "har yau ba ki yi jiki ba? Wata rana iska za ta ɗauke ki ta haye gada da ke, ta aje ki Gaya, duwan masu tsaron iyaka ma ba su gan ki ba."

"Kaka, ai iska guda za ta ɗauke mu."

"Ji bakinta! Ni nawa jikin na rabar wa mutane. Kama buhun nan."

Ta shiga ta gaisa da Marka, ta riƙe haɓarta ta juya fuskarta dama da hagu kamar mai duba ƙwarya a kasuwa. Ba ta tambayi komai ba. Ta ɗaura ɗamara ta nufi murhu. Marka ta ce, "Inna, ki huta tukuna, kin sha hanya," amma ko waiwayowa ba ta yi ba.

A danginsu, in mace ta yi haihuwar fari, gida take komawa ta yi jego. Aikin uwa da 'yan'uwanta mata shi ne su ciyar da ita har ta cika, ta koma ɗakin mijinta da jikin da zai nuna ta fito gidan da ake ƙaunarta. Marka siririyar yarinya ce lokacin da ta haifi ɗanta na fari. Mahaifiyarta da Inna Balkissa suka sa ta gaba da kunun kanwa da fura da tuwo mai man shanu, in ta ce ta ƙoshi su ce ƙara loma guda saboda mu. Ranar da aka mai da ita Malanbil mata suka yi ta guɗa, domin zanen da ta je da shi ya kasa zagaye ta. An daɗe ana ba da labarin a Garu, kuma duk haihuwar da ta biyo baya an ƙara kan na da.

Kafin azahar ƙamshi ya cika gidan. Inna Balkissa ta shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, kusa da kujerar Marka, ta ajiye ƙaramin tebur, ta ɗora kwanon tuwon shinkafa da miyar kifi, man shanu yana narkewa a kai.

"Bisimilla. Irin na uwarki ne, ban canza komai ba."

A gidansu ba a mai da abincin da uwa ta miƙo da hannunta. Marka ta wanke hannu. Ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta miƙa yatsunta har suka taɓa tuwon.

An ja wa Sa'adiya kunne kada ta faɗa wa kowa maganar aikin. Amma ta kasa daurewa.

"Mamma, in kin ci za a ɗaga ranar."

"Na sani, auta," Marka ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Shi ya sa nike son ci."

"Wace rana?" in ji tsohuwar. Ta dubi uwar, ta dubi ɗiyar. "Ranar mi?"

Marka ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ta faɗa mata komai, a hankali, tun daga zuwansu Kwatano. Inna Balkissa ta saurara har ƙarshe, bakinta a ɗan buɗe.

"Tumbi? Tumbin da ni da uwarki muka buɗe da hannunmu shi za ki kai a datse? Kin zo mana awa tsinken tsintsiya, ko nono ba ki da shi da za ki ba yaro. Muka hana kanmu, muka ba ki. Uwarki ta saida tunkiyarta ta sayi mai. Yau kin tashi kin ce abin da muka yi miki cuta ce?"

"Ban ce ba, Inna."

"To mi kika ce?"

"Ban san abin da nike cewa ba." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Mutane na zaton wuƙa nike tsoro. Ina tsoronta, ba ƙarya. Amma in na duba madubi, uwata nike gani, wuyanta, damtsenta. Ba ta bar mini gona ba, ba ta bar mini zinari ba. Wanga jiki shi ta bar mini. In an ɗauke shi, mi ya rage mini nata? Kuma in na je biki aka aje mini kwano na ci loma biyu na ture, wa zai yarda ba raini ba ne?"

Tsohuwar ta juya musu baya tana gyara ɗaurin kallabinta, wanda bai kwance ba.

Ana cikin haka aka kira sallar azahar. Sa'adiya ta ɗauko buta da roba kamar yadda ta saba. Marka ta wanke hannu da fuska da kanta, amma da aka zo ƙafa sai yarinyar ta durƙusa ta wanke mata ta dama, domin uwar ba ta iya sunkuyawa ta kai. Da ta zo ta hagu, za ta shafa ruwa kan bandeji, sai Inna Balkissa ta ce, "Kwance in gani."

Sa'adiya ta dubi uwarta. Marka ta gyaɗa kai. Aka kwance. Tsohuwar ta sunkuya ta duba gyambon, ta daɗe tana dubawa, sannan ta mai da bandejin da kanta, ta ɗaure shi da kyau.

Suka yi salla. Inna Balkissa, duk da tsufanta, ta kai goshinta ƙasa a kan tabarma. Marka ta yi tata a zaune kan kujera, tana ɗan duƙar da kai. Bayan sun sallame, tsohuwar ta juyo ta dubi Marka.

"Yaushe rabonki da sa goshi ƙasa?"

"Tun kafin azumin bara waccan."

"Kuma kullum ɗiyar nan ke wanke miki ƙafa?"

"In tana lakwal, sai in zuba ruwa daga sama."

Tsohuwar ta ja tasbaharta na ɗan lokaci.

"Ana mutuwa a wanga aiki?"

"Likita ya ce ana yi, amma ba da yawa ba. Ya ce in an bari kuma, ƙafar ce bai iya yi mini alkawarinta."

"Ni ban san wanga abu ba," in ji Inna Balkissa. "Ba a yi shi a zamaninmu ba. Ba ni ce miki ki yi, ba ni ce miki ki bari. Abin da muka yi miki don so muka yi shi, kuma da yau za a sake, ban san wani abin da zan yi ba in ba shi ba." Sannan ta ce, "In an gama, mi za ki riƙa ci?"

"Ruwa-ruwa da farko. Daga baya abu mai laushi, cokali-cokali, awa jinjiri."

"Wa zai ba ki?"

"Malam ya ce zai zauna da ni."

"Malam! Mutumin da bai san bambancin gishiri da kanwa ba? Ya tsaya kan albasarshi." Ta gyara zama. "In kin tahi, da ni za a tahi. Na ba ki da ludayi, ai ban kasa ba ki da cokali ba. Sai dai likitan ya gwada mini girman cokalin, don ni hannuna ya saba da yawa."

Marka ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Tsohuwar ta jawo kwanon daga gabanta ta tura wa Sa'adiya.

"Ke, mai dogon baki, zo ki ci. Ba a zubar da man shanun Garu."

Sa'adiya ta ci. Marka tana kallonta har ta suɗe hannu, sannan ta ce a ɗumama mata romonta.

Kwanakin da suka rage ba su zo da sauƙi ba. Wata rana Marka ta wuni tana hira da dariya, wata rana ta wuni ba ta ce wa kowa uffan ba. Inna Balkissa ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta koyi kwashe mai daga kan romo, tana yi tana mita cewa a rayuwarta ba ta taɓa ganin an zubar da abin da ya fi daɗi an bar ruwa ba.

Ranar tafiya suka fita da sassafe zuwa tasha. An shirya Sa'adiya za ta zauna gidan yayarta har su dawo. Abdulwasi'u yana can yana fama da masu loda kaya, tsohuwar ta riga ta shiga ta kama musu wuri. Yarinyar ta riƙe gefen mayafin uwarta.

"Mamma, yanzu kin tabbata shi ne daidai?"

Marka ta dube ta. Da wani ne ya tambaya, da ta ce i.

"A'a, auta. Ban tabbata ba. Ki yi mini addu'a, kuma ki riƙa cin abinci gidan yayarki."

Ta kama ƙarfen ƙofar motar, ta ɗora ƙafar dama a matakala, ta tsaya ta numfasa. Abdulwasi'u ya zo ya tallafe ta, ta hau.

Sa'adiya ta tsaya har motar ta fita tasha ta kama hanyar kudu. A da tana zaton manya ba sa yin abu sai sun tabbatar da shi. Ranar ta gane cewa uwarta ba ta daina jin tsoro ba, kuma babu wanda ya iya ba ta tabbaci. Ita ce da kanta ta zaɓa, ta tafi da tsoronta.