Ranar da Tahira Ta Fita Shuka

Ni na kusa kashe yarinyar nan da hannuna, Allah ya yafe mini. Tahira 'yar ƙanena ce, ni na goye ta. Ranar da ta dawo Tsanyawa daga makarantar koyon malanta sai da na sake kallonta kafin na gane ta: wuya duk ƙashi, awarwaro na zamewa har gwiwar hannu. In an zuba tuwo ta ce azumi take. Mutane kuwa sai sa albarka, wai yarinya mai ibada. Ni na ce zaman banza ne, a ba ta aiki ciki zai buɗe. Na haɗa ta da ɗiban ruwa da surfe. Ashe abin da take nema ke nan! Randuna su cika ta koma, har ranar da aka kwaso ta a bakin famfo ba ta san inda kanta yake ba.

Likitar da muka gani a Kano ta wanke ni tas. Ta ce ciwo ne, ciwon tsoron abinci, kuma azabtar da jiki na cikinsa: mai shi in ya fara aiki ba ya iya dainawa sai ya faɗi, wani ma ba ya tashi. Wata biyar Tahira ko tsintsiya ba ta taɓa ba. Cokali-cokali muka yi ta fama, da kuka da rigima, har kumatu suka fara dawowa.

Da ruwan shuka ya sauka, likita ta yarda ta fita gona. Amma da sharaɗin ta karya kumallo tukuna, ta shuka layi biyu kawai. Ta ce da ni, "Kuma kada ki ce mata ya isa, Hajiya Zulaihatu. Ita za ta tsayar da kanta. In ta kasa, ku dawo da ita mu kwantar."

Ni da baki ba ya rufuwa, aka ce in yi shiru!

Yayanta Ja'afaru na gaba yana sara da sungumi, ita tana biye, ta jefa gero ta rufe da dunduniya. Ƙasa na ƙamshi. Har dariya na ji ta yi da ta zubar da iri a rami ɗaya. Layi na biyu ya ƙare, ga gona shimfiɗe a gabanta, kowa na ta yi. Ta ɗebi iri, ta kai ƙafa bakin ramin farko na layi na uku. Na cusa mayafina a baki na cije.

Ta daɗe a tsaye, wallahi ta daɗe. Sannan ta mayar da geron cikin ƙwarya, ta ajiye.

"Yaya, na gama nawa."

Na karɓi haihuwa, na wanke gawa, na ga maza suna kayar da sa, amma ban taɓa ganin ƙarfi irin na yarinyar nan da ta juya wa gona baya ba. Allah mai iko!

Ta zo gindin ɗorawa ta zauna kusa da ni, ta ja kwanon fura da kanta ta kurɓa. Ta yamutsa fuska.

"Gwaggo, wannan furar ba sukari."

Duk unguwarmu babu mai kushe mini fura ya kwana lafiya. Na tashi da gudu na nufi gida ɗauko sukari, ina kuka, takalmina ɗaya a gona.